Kiloyid: A Yi Allura Ko A Yanke, In An Yanke Kuma Me Zai Biyo Baya?

Mafi yawan masu kiloyid, wato tabon nan da ke tasowa ya yi ta girma har ya zarce raunin da ya haifar da shi, da magana ɗaya suke shiga ɗakin likita: "Likita, ni dai a yanke min shi in huta." Ba za a ga laifinsu ba. Yarinya ta yi shekaru tana ja wa kunnenta ɗankwali ko da ana tsakiyar bazara, saurayi yana ɓalla maɓallin riga har wuya don kada a ga abin da ke ƙirjinsa, ga ƙaiƙayi mai hana barci, ga suka da ke tasowa in an yi gumi. Sai dai yankan nan da ake roƙo, in shi kaɗai aka yi, ya fi kowace hanya mugun sakamako. Alƙaluman da likitocin gyaran jiki suka daɗe suna kawowa sun nuna cewa cikin kowane kiloyid 100 da aka yanke aka ɗinke ba a bi shi da komai ba, daga 45 har zuwa duka 100 ɗin suna iya dawowa. Wanda ya dawo kuma sau da yawa ya fi na farko girma, domin tsawon yankan ya zarce gindin tabon na asali. Tambayar da ya kamata a fara warwarewa ke nan: in an yanke, me zai biyo baya, a ina za a yi shi, kuma mai tabon zai iya jure zirga-zirgar har ƙarshe?

Kafin a kai nan, a tabbata kiloyid ɗin ne. Akwai tabo iri biyu masu tasowa da mutane ke haɗawa wuri guda. Na farko yakan taso makonni kaɗan bayan rauni, ya yi kauri, ya yi ja ko duhu, amma ba ya ƙetare iyakar raunin. Shi ake yawan gani bayan ƙuna ko a kan ɗinkin tiyata, kuma in an ba shi shekara ɗaya zuwa biyu yakan lafa, da kansa ko da ɗan taimako. Kiloyid kuwa yakan makara, wani sai bayan wata uku, wani har shekara, sannan ya bazu ya ci lafiyayyar fatar da ke gefe, kuma ba ya komawa don kansa. Hujin kunne da bai wuce bakin allura ba sai ya haifar da ƙullutun da ya kai ƙwan kaza. Mai nau'in farko ba shi da dalilin shiga wahalar da za a yi bayani a ƙasa, faifan silikon da ake mannawa a kan tabo, da matsi, da haƙuri kan wadatar da shi.

Haka ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeyar maza bayan aski. Suna kama da kiloyid, amma asalinsu kumburin gindin gashi ne, kuma maganinsu daga daina aski tal-kwabo yake farawa, sannan magungunan shafawa da na sha. Abu na uku ya fi waɗannan nauyi: akwai wata cutar daji ta fata, ba ta da yawa, tana tafiya a hankali, tana fitowa a ƙirji ko kafaɗa ko baya da siffar kiloyid. Ƙullutun da ya fito shi kaɗai a jikin wanda bai taɓa yin kiloyid ba, babu rauni ko ƙurjin da ake tunawa a wurin, yana ƙara girma ko yana fashewa da jini, wannan a fara yanko ɗan ɓangarensa a kai ɗakin gwaji kafin kowa ya tsira masa allura.

Dalilin da ya sa wuƙa ba ta wadatarwa yana cikin yadda fatar take warkewa. Akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne saƙa zaren kolajin su rufe rauni, in sun gama su tsaya. A jikin mai kiloyid ba sa tsayawa, kumburin cikin fatar yana ci gaba, su ma suna ta saƙa. Likitan fiɗa ya cire abin da suka tara, amma ya bar musu sabon rauni. Kamar sassabe ne: ka sare sabara a rani gona ta yi fes, ruwa na sauka ta tofo, don saiwar tana nan. Farfesa Rei Ogawa na makarantar likitanci ta Nippon da ke Tokiyo, wanda ya yi fice a wannan fanni, ya ƙara da cewa jan da fata ke sha shi ne ke rura wutar. Shi ya sa kiloyid ya fi yawa a tsakiyar ƙirji, kafaɗa, allon kafaɗa, muƙamuƙi da mara, wuraren da numfashi da motsin hannu da tauna da tashi da zama ke miƙa fata dare da rana. Da wuya a gan shi a tsakar kai ko a gaban ƙwauri, inda fata ke kwance a kan ƙashi. Wannan magana ita ce ginshiƙin zaɓin duka: kiloyid ɗin kunne da na ƙirji sunansu ɗaya, amma sakamakon maganinsu ya sha bamban.

Allura ita ce matakin farko a kusan kowane asibiti. Maganin sitiroyid ne mai suna tiramsinolon, wanda da yawa suka fi sani da Kenacort ko Kenalog, ana yin sa da ƙarfin miligiram 10 zuwa 40 a kowace mililita, a maimaita duk bayan mako huɗu zuwa shida. Cikin naman tabon ake tura shi, ba a ɗuwawu ko jijiya ba. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Kiloyid da ya daɗe yana da tauri ƙwarai, likita zai soka siririyar allura ya danna da ƙarfin babban yatsa har hannunsa na rawa, wani lokaci sirinjin ya kuɓuce daga allurar maganin ya fantsama. Alamar cewa ya shiga inda ake so ita ce wurin ya yi fari-fari ya ɗan tasa. Daga nan a zare, a matsa gaba kaɗan, a sake sokawa, har a zagaye tabon. Da zafi, kuma zaman farko ya fi kowanne, shi ya sa ake gauraya shi da maganin kashe zafi ko a fara kashe gefen wurin. A zama na biyu da na uku tabon ya fara laushi, aikin yakan zo da sauƙi.

Abin da allura ta fi iyawa shi ne kashe ƙaiƙayi da suka. Wannan yakan zo da wuri, tun a zama ɗaya ko biyu. Kwantar da tabon kuwa sai an jure, zama huɗu, shida, ko fiye. Rahotanni sun nuna daga rabin masu karɓa zuwa kusan dukkansu suna ganin sauƙi, amma daga kashi 9 zuwa 50 cikin 100 tabon yakan sake tasowa bayan an daina. Kuma a fahimta tun farko: allura ba ta mayar da fata yadda Allah ya halicce ta. Nasararta ita ce tabo ya kwanta, ya yi laushi, ya daina damun mutum. Faɗinsa yana nan. Ƙaramin kiloyid, ko sabo, ko mai faɗi marar tudu sosai, nan ne allura ke biyan kuɗin sabulu. Ƙullutun da ke reto a kunne ba zai narke da allura ba ko an shekara ana yi.

Illarta a baƙar fata ba ƙarama ba ce, kuma ba kasafai ake faɗa wa mutane tun da wuri ba. In maganin ya malala zuwa lafiyayyar fata, wurin yakan kwailaye ya yi fari, wani lokaci farin ya bi layi ya yi nisa da tabon. Fatar tana iya sirancewa ta lotsa, ƙananan jijiyoyi su bayyana. Yawanci launin yana dawowa bayan watanni, amma budurwar da aka yi wa a muƙamuƙi ana saura wata biyu bikinta ba za ta ji daɗin wannan bayani ba. In kuma an yawaita maganin, yana shiga jiki: al'adar mata ta rikice, sugan mai ciwon suga ya hau, fuska ta kumbura, musamman ga yara. Nan ne matsalar allurar kemis take. Maganin yana samuwa a kasuwa, don haka ana samun masu yi wa mutane shi kowane mako, ko a ƙarƙashin tabon maimakon cikinsa, ko ma a ɗuwawu, ba tare da lissafin jimlar abin da ya shiga jiki ba.

Akwai magani na biyu da ake turawa cikin tabon, 5-FU, wanda asalinsa na cutar daji ne. Wani gwaji da aka yi a Finlan aka buga a 2019 ya kwatanta su biyun: bayan wata shida, kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sitiroyid sun kwanta, na 5-FU kashi 46, bambancin da masu binciken ba su ɗauke shi tabbatacce ba. Inda suka rabu da gaske shi ne sirancewar fata, kashi 44 a ɓangaren sitiroyid, kashi 8 a ɗaya ɓangaren. Mutanen Finlan farare ne, kuma gwajin ƙarami ne, don haka ba a ɗora shi kacokan a kan fatarmu. Duk da haka likitoci da yawa yanzu suna gauraya magungunan biyu a sirinji ɗaya, kuma bincike da dama sun nuna haɗin ya fi sitiroyid shi kaɗai kwantar da tabo tare da ƙarancin illa. 5-FU yana da nasa: zafi, ɗan gyambo a inda aka soka, da duhun fata. Mai juna biyu, mai shayarwa, da mai neman ciki ba a yi musu shi. Wanda ya yi allurar sitiroyid sau uku ko huɗu a hannun ƙwararre bai ga canji ba, ya dace ya tambaya ko za a gwada haɗin kafin a yi maganar wuƙa.

Yanzu ga kunne, inda yanka ya fi yin ma'ana. Fatar kunne ta ƙasa, inda ake huji, ba ta shan ja kamar ƙirji, kuma ana iya matse ta ta gaba da baya. Saboda haka duk abin da aka bi yankan da shi yakan yi aiki a nan fiye da ko'ina. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken da aka yi kan kiloyid ɗin kunne ya gano cewa in an yanke aka bi da allurar sitiroyid, kusan kashi 15 cikin 100 ke dawowa, in an bi da gashin na'ura, wato haska wurin da irin hasken da ake yi wa masu cutar daji, kuma kashi 14. Wato babu wani bambanci na a zo a gani. A Koriya ta Kudu kuma an buga sakamakon kiloyid ɗin kunne 1,426 a 2011, waɗanda aka yanke aka bi su da matsi, ta hanyar manna maganaɗisu biyu, ɗaya a gaban kunne ɗaya a baya. Kusan kashi 89 cikin 100 ba su dawo ba a tsawon lokacin da aka bibiye su.

A ganina, mai kiloyid a fatar kunne wanda ba a taɓa yanka ba, ba shi da buƙatar tafiya neman na'urar gashi. A yanke, a fara allura a gefen ɗinkin, ko a ranar aikin ko lokacin cire zare, a ci gaba wata-wata na tsawon watanni, sannan a sa abin matsi da zarar wurin ya warke. Abin matsin yana kama da ɗan kunne mai faifai biyu, ana sa shi aƙalla awa 12 a rana har wata shida ko fiye. A nan mutane ke faɗuwa. Wata na farko ana sawa, wata na biyu an ga kunne ya yi kyau, sai a ajiye shi a cikin kwalla. Ya kamata ya matse sosai amma ba har ya yi zogi ko ya sa fata ta yi baƙi ba, in ya yi haka a cire a koma wurin likita. Kiloyid da ke saman kunne, a kan guringuntsi, ya fi wahalar aiki. A nan likita yakan ƙwaƙule cikin tabon ya bar fatar samansa don ya rufe wurin da ita, kada kunnen ya lanƙwashe ko ya gutsure. In kuwa an taɓa yankawa ya dawo, sau ɗaya ko biyu, lissafin ya canza, gashi ya shigo cikin magana.

Gashin na'ura, irin wanda ake yi wa masu cutar daji amma kaɗan kuma a saman fata, shi ne abin da ya fi ƙarfi wajen hana kiloyid dawowa a wurare masu wuya. Aikinsa shi ne dakatar da ƙwayoyin nan masu saƙa tun kafin su kankama, shi ya sa lokaci ke da muhimmanci: ana so a fara cikin awa 24 zuwa 72 bayan tiyata. Wani babban nazari na 2017 da ya haɗa bincike 72 da kiloyid sama da 9,000 ya nuna cewa in an yanke aka yi gashi, kashi 22 cikin 100 ke dawowa, in gashin aka yi shi kaɗai ba yanka, kashi 37. Nau'in da ake shimfiɗa siririn bututu a cikin ɗinkin ko a kansa ana turo hasken ta nan ya fi kyau, kashi 15, sauran nau'o'in biyu da ake haskowa daga waje kashi 23 kowanne. Ƙirji ne ya fi taurin kai, kashi 34. A Tokiyo, inda ake auna gashin gwargwadon wurin, girei 18 (girei shi ne ma'aunin yawan hasken) a zama uku ga ƙirji da allon kafaɗa da mara, girei 8 a zama ɗaya ga fatar kunne, girei 15 a zama biyu ga sauran wurare, Ogawa da abokan aikinsa sun ba da rahoton dawowar da ba ta kai kashi 10 ba. Amma su ba gashi kawai suke yi ba. Suna ɗinke naman can ciki don ya ɗauke nauyin jan, suna karya layin yankan ya zama zigizag, sannan mai tabon ya ci gaba da manna filasta mai magani da zuwa asibiti na tsawon lokaci. Wanda ya ɗauki alƙalumansu ya bar tsarinsu ya yaudari kansa.

Tsoron da kowa ke fara faɗa shi ne cutar daji. Ogawa da abokan aikinsa sun bi rubuce-rubucen likitoci na shekaru masu yawa a 2009, suka sami mutum biyar kacal da aka danganta cutar dajinsu da gashin kiloyid. Haɗarin ƙarami ne, amma ba a ce babu shi ba, don haka ake kauce wa yi wa yara da masu juna biyu, kuma ake taka-tsantsan da kare gaban wuya da nonon matan da ke da sauran shekaru a gaba. Abin da aka fi gani shi ne wurin ya yi duhu ko ya bushe na wasu watanni.

Matsalar gashi a wajenmu ta tafiya ce da tsari. Cibiyoyin da ke da na'urar ba su da yawa: akwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da wasu ƙalilan, a Nijar kuma cibiyar yaƙi da cutar daji ta Yamai ta fara gashi a 2021. Duk inda na'ura take, masu cutar daji ne a gaba, kuma haka ya kamata. Tunda awa 72 ce iyaka, ba zai yiwu a yanke a garinku ranar Litinin sannan a fara neman layi a wani gari ba. Dole likitan fiɗa da likitan gashi su tsayar da rana tare, a tabbatar na'urar tana aiki a wannan makon, kuɗin duka biyun yana hannu, sannan a shiga tiyata. Wanda aka ce masa "bari mu yanke, daga baya ka je ka nemi gashi," ya sani cewa yanka zalla za a yi masa.

Ƙirji da kafaɗa da muƙamuƙi su ne inda nake ganin ya fi dacewa a yi jinkirin ɗaukar wuƙa. Saurayin da ƙurajen balaga suka bar masa kiloyid biyar ko goma a ƙirji da baya, in an ce za a yanke kowanne, an buɗe masa sababbin raunuka goma a wurin da ya fi ko'ina ja. Allura, ko haɗin magungunan biyu, da magance ƙurajen da ke ci gaba da fitowa, su ne hanyarsa, kuma burin shi ne tabon ya kwanta ya daina ƙaiƙayi. Akwai dai yanayin da yanka ke zama dole. Tsohon kiloyid mai kauri yakan binne gashi da maiƙo a cikinsa, ya riƙa yin mugunya yana fashewa yana wari, musamman a gemu da tsakiyar ƙirji. Wani kuma ya ɗaure wuya ko hammata ya hana motsi. Waɗannan allura ba za ta warware su ba. In ramin da za a bari ya fi ƙarfin a ja bakinsa a haɗe, hanya biyu ce: a yanko siririyar fata daga cinya a shimfiɗa, ko a juyo fata mai kauri tare da jijiyoyin jininta daga gefe. Ta biyun ta fi, domin tana miƙewa tare da jiki, ba ta ƙanƙancewa. Fatar da aka shimfiɗa takan takure, kiloyid ya zagaye bakinta, kuma cinyar da aka yanko ita ma tana iya yin nata tabon. Irin wannan aiki na likitan gyaran jiki ne, kamar waɗanda ke sashen ƙuna da gyaran jiki na asibitocin koyarwa ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, kuma kusan kullum yana buƙatar gashi a bayansa.

Sauran hanyoyin ba sa buƙatar dogon bayani. Faifan silikon da ake mannawa awa 12 zuwa 24 a rana na watanni ba shi da wata illa sai ƙurajen gumi, yana da amfani a kan sabon ɗinki da ƙaramin tabo, amma hujjar da ke bayansa ba ta da ƙarfi, kuma ba ya kwantar da babban kiloyid. A lokacin zafi ma riƙe shi a jiki aiki ne. Daskarar da tabo da ruwan naitirojin yana rage ƙananan kiloyid, sai dai ƙwayoyin da ke ba fata launi sun fi saura saurin mutuwa da sanyi, don haka baƙar fata takan bar farin tabo da ba lallai ya koma ba. Leza, wato na'urar da ke ƙona fata da haske mai ƙarfi, tana da tsada, wasu nau'o'inta ba su dace da fata mai duhu ba, kuma ƙone kiloyid da leza ba tare da an bi shi da komai ba daidai yake da yanka shi. Man shafawa na kwalba da ake tallatawa a Facebook da TikTok na iya rage bushewa, iyakarsa ke nan. Ɗaure gindin ƙullutun da zare har ya faɗi, ƙona shi da sinadari, sakiya, ko tsaga a wurin wanzami, duk sabon rauni ne, mai datti kuma, a jikin da rauni ne matsalarsa.

Hotunan "kafin" da "bayan" da ake bazawa a intanet su ma a yi hattara da su. Kowane kiloyid da aka yanke yana da kyau a mako na uku. Dawowa takan faru ne cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wani ma bayan haka. Ko a binciken likitoci, wanda ya bibiyi mutane wata shida kawai alƙalumansa sun fi na wanda ya bi su shekara biyu kyau, ba don maganinsa ya fi ba. Saboda haka ba rashin kunya ba ne mutum ya ce, "Likita, don Allah waɗanda kuka yi wa irin wannan aikin shekara biyu da suka wuce, yaya suke yanzu? In nawa ya dawo, me za mu yi?" Likitan da ya san aikinsa ba zai yi alƙawarin cewa ba zai dawo ba.

Akwai waɗanda lissafinsu ya bambanta. Yaro ƙarami: silikon, matsi, da allura mai sauƙin ƙarfi a hannun ƙwararre, a jinkirta yanka in ba dole ba. Mai juna biyu: kiloyid yakan ƙara girma da ƙaiƙayi a lokacin ciki, amma a dakata da manyan magunguna har ta sauka. Matar da ɗinkin haihuwarta na baya ya yi kiloyid ta gaya wa likita tun a awo, domin in za a sake yi mata aiki ana iya cire tsohon tabon a lokacin, a tsara allura da silikon tun kafin ta bar asibiti. An kuma lura cewa masu hawan jini sun fi yin kiloyid mai tsanani, don haka a auna jini a daidaita shi. Game da huji, wani ƙaramin bincike na mutum 32 da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna kiloyid ya fi kama waɗanda aka huda suna da shekara 11 ko fiye, kashi 80 cikin 100, a kan waɗanda aka huda kafin nan, kusan kashi 24. Al'adarmu ta huda wa jarirai mata kunne tun suna cikin zanen goyo ta dace da wannan. Haɗarin yana cikin huji na biyu da na uku, da na saman kunne da na hanci, da 'yan mata ke yi bayan sun tasa. In akwai mai kiloyid a gida, uwa ko uba ko yaya, gara a haƙura da su. Kunnen da aka yi wa aiki kuwa ba a sake huda shi, sai dai ɗan kunne na mannawa.

Kowace hanya aka ɗauka, a sa a rai cewa za a riƙa komawa asibiti aƙalla shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, da farko wata-wata, daga baya duk wata uku. Wanda ke nesa da birni, ko ɗalibin da zai koma makaranta, ko mai shirin tafiya ci-rani, ya faɗi haka tun a zaman farko, don a zaɓa masa abin da zai iya kammalawa ko a ɗaga aikin zuwa lokacin da zai zauna. Tsakanin ranakun asibiti kuma, a riƙa shafa layin ɗinkin da yatsa sau ɗaya a mako. Ƙaiƙayin da ya dawo bayan ya tafi, ko wani ɗan wuri da ya yi tauri ko ya fara sheƙi, musamman a ƙarshen layin, shi ne farkon dawowa. A wannan matakin allura ɗaya ko biyu takan kwantar da shi, don haka a je a makon, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.